Tara, Kotu da Janye Lasisi: Yadda Hukuncin Laifin Hanya Yake Tafiya a Arewacin Kamaru

Duk lokacin da hutun makarantu ya gabato ko ƙarshen shekara ya matso, Ma'aikatar Sufuri ta Kamaru da rundunar jandarma sukan tsananta bincike a manyan hanyoyi, kuma a irin wannan lokaci ne tambayoyi iri ɗaya suke yawaita a tashoshin mota na Garwa da Marwa da Ngaundare da Kuseri. Wani direba ya biya sefa 3,600 an sallame shi nan take, wani ya biya 25,000, wani an rubuta masa takarda an ce ya jira sammaci, ga kuma wanda ya ji a sanarwar minista cewa an dakatar da lasisinsa alhali ko ƙofar kotu bai taka ba. Da yake a bakin tasha duka wannan kamu ne, mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne wanda farashinsa ke hawa da sauka gwargwadon halin jami'in da aka haɗu da shi. A doka ba haka abin yake ba. Hanyoyi uku ne mabambanta, wato tarar nan take da kotu da matakin Ma'aikatar Sufuri, kowacce da hukumar da ke riƙe da ita, da takardar da take bari a baya, da ƙofar da ake bi idan ana son a ƙalubalance ta.

Dokoki da yawa a kan hanya ɗaya

Tushen ruɗanin shi ne babu littafi guda da ya tattara komai. Ƙa'idojin tuƙi kansu, wato rukunan lasisi da alamomin hanya da nauyin kayan da aka yarda mota ta ɗauka, suna cikin kundin dokar hanya na ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka ta CEMAC, wanda aka amince da shi a ranar 3 ga Agusta 2001, kuma yake aiki a ƙasashe shida na ƙungiyar, ciki har da Kamaru da Cadi. Amma hukuncin wanda ya karya ƙa'ida, kowace ƙasa ce ke tsara nata. A Kamaru nauyin hukunci yana cikin kundin hukunta laifuka na ranar 12 ga Yuli 2016, yayin da kundin tsarin shari'ar laifuka na 27 ga Yuli 2005, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2007, shi ne ya faɗi wanda yake da ikon karɓar tara da yadda ake ɗaukaka ƙara. Maganar inshora kuma tana ƙarƙashin kundin CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a ranar 10 ga Yuli 1992, kuma sashensa na 200 ne ya wajabta wa kowane abin hawa mai inji inshorar biyan diyya ga wanda aka cutar.

Masu tsayawa a hanya su ma ba ikonsu ɗaya ba. Akwai 'yan sanda, waɗanda aikinsu ya fi yawa a cikin gari, akwai jandarmomi a manyan hanyoyi da karkara, akwai jami'an kiyaye haɗurra na Ma'aikatar Sufuri, da ma'aikatan kwastan, da masu sikelin awon manyan motoci, sannan da dogaran ma'aikatar magajin gari, waɗanda dokar shugaban ƙasa ta ranar 9 ga Agusta 2022 ta tsara aikinsu kuma ba ta ba su matsayin jami'an tsaro ba. Sanya kaki ko riga mai ƙyalli ba shi kaɗai ke ba mutum ikon karɓar tara ba.

Ƙaramin laifi da wanda ya fi shi

Sashe na 21 na kundin hukunta laifuka ya raba laifi gida uku bisa nauyin hukuncinsa. Ƙaramin laifi shi ne wanda hukuncinsa bai wuce ɗaurin kwana 10 ko tarar sefa 25,000 ba. Matsakaicin laifi shi ne wanda ɗaurinsa ya haura kwana 10 har zuwa shekara 10, ko tararsa ta haura 25,000. Abin da ya wuce nan babban laifi ne, kuma da wuya laifin tuƙi ya kai can. Sashe na 362 ya sake raba ƙananan laifuka aji huɗu: na farko daga sefa 200 zuwa 1,200, na biyu daga 1,400 zuwa 2,400, na uku daga 2,600 zuwa 3,600, na huɗu kuma daga 4,000 zuwa 25,000 tare da yiwuwar ɗaurin kwana 5 zuwa 10.

Daga nan ne alƙaluman da direbobi suka saba ji suka fito, kuma daga nan ne ake gane cewa ƙaramin laifi guda ɗaya ba ya cin tarar da ta wuce 25,000. Idan jimillar ta haura haka, to ko dai laifuka da yawa aka haɗa, kowanne da nasa lissafi, ko kuma wani kuɗi ne na daban ya shigo, kamar kuɗin ajiyar abin hawa a wurin da ake tsare motoci da babura, ko tarar wuce nauyi a sikeli, wadda ake lissafawa tan-tan a ƙarƙashin dokar kare hanyoyin ƙasa ta 27 ga Afrilu 2022.

Tarar nan take da sharuɗɗanta

Hanya ta farko, wadda mafi yawan direbobi suka sani, ita ce ƙayyadaddiyar tara da ake biya a wurin da aka yi kamu. Kundin tsarin shari'ar laifuka ya yi bayaninta tun daga sashe na 606, ya kuma yanke kuɗinta a gaba domin kada a yi ciniki: sefa 1,000 ga aji na farko, 2,400 ga na biyu, 3,600 ga na uku, 25,000 ga na huɗu. Gudun da ya wuce ƙa'ida, wanda na'urar rada ta jandarma ke kamawa, yana cikin masu cin 25,000, kuma iyakar gudun ƙananan motoci ita ce kilomita 60 a sa'a a cikin gari da 110 a bayan gari.

Sharuɗɗan da aka gindaya wa wannan tara su ne abin da ba a cika sani ba. Ƙananan laifuka kaɗai ta shafa, kuma ko a cikinsu ba ta halatta idan laifin ya jawo rauni ga mutum ko ɓarna ga dukiya, ko yana haɗe da laifin da ya fi shi girma, ko mai laifin yana cikin maye a fili. Masu karɓarta su ne jami'an da doka ta ba ikon binciken laifi, irin su kwamandan birget na jandarma da kwamishinan 'yan sanda, da kuma ƙananan jami'an da aka ba izini na musamman. Dole a ba da rasit daga littafi mai lamba wanda ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati ya sa wa hannu, a yage wa mai biya nasa a bar gindin takardar a littafin, kuma mai gabatar da ƙara yana da ikon duba abin da aka karɓa ya gyara idan ya saɓa wa ƙa'ida. Sharaɗin da ya fi kowanne ɓoyuwa shi ne biyan ba dole ba ne. Direban da yake ganin bai yi laifi ba yana da damar ƙin biya, a rubuta takardar bayanin laifi, wadda aka fi sani da PV, a tura ta kotu, kuma doka ta ɗauki tsoratar da shi saboda ya ƙi biya a matsayin wuce gona da iri a aiki.

Wanda ya biya ya karɓi rasit, an kashe maganar ke nan, ba za a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi ba. Wanda ya zaɓi kotu kuwa ya shiga lissafi mai fuska biyu. A aji na huɗu tarar nan take ita ce ƙololuwar abin da doka ta tanada, don haka alƙali na iya sauko da ita har zuwa 4,000 ko ya wanke mutum sarai, amma yana iya ƙarawa da ɗaurin 'yan kwanaki, ga kuɗin shari'a, ga ranakun aiki da za a rasa ana zirga-zirga, wani lokaci zuwa kotun garin da ba nan direban yake zaune ba. Shi ya sa wannan dama, ko da yake tana nan a rubuce, ba kasafai ake amfani da ita ba.

Kuɗin da aka miƙa babu rasit ba tara ba ne ta kowace fuska. Kamar biyan bashi ne ba shaida: kuɗi sun fita, amma laifin yana nan, kuma shingen da ke gaba na iya kama mutum a kansa bayan kilomita kaɗan. Ban da haka, sashe na 134 na kundin hukunta laifuka da wanda ke biye da shi sun tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 200,000 zuwa 2,000,000 a kan cin hanci, kuma mai bayarwa yana ciki kamar mai karɓa. Hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC, wadda aka kafa a 2006, tana da layin waya na kyauta 1517, rundunar jandarma kuma tana da 1501 domin irin wannan koke. Dalilin da ya sa al'adar ba ta mutu ba bai wuce lissafi ba. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu, ban da harkar noma, an tsayar da shi a sefa 60,000 a wata a 2023, wato tarar aji na huɗu ta kusa rabin albashin wata, sannan direban da ya ɗauko albasa daga Marwa ko shanu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare yana ganin tsayuwar sa'a biyu ta fi masa tsada a kan 'yan kuɗin da zai damƙa ya wuce.

Idan magana ta kai gaban alƙali

Hanya ta biyu ta kotu ce, kuma kotun matakin farko ce ke sauraron ƙanana da matsakaitan laifuka. Sassa uku na kundin hukunta laifuka ne suka fi shafar direba. Sashe na 228 ya hukunta tuƙin ganganci da ke jefa wasu cikin haɗari, da tuƙi cikin maye na barasa ko na ƙwaya, da ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 da tarar sefa 5,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga cikinsu, ko da ba a buge kowa ba. Sashe na 289 ya shafi kisa ko raunatarwa ba da gangan ba, ta hanyar sakaci ko karya ƙa'ida, kuma hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5 ne da tarar 10,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga cikinsu. Sashe na 290 kuwa ya ninka wannan hukunci idan direban yana cikin maye, ko ba shi da lasisin da ya dace da abin da yake tuƙawa, ko ya tsere domin kada a kama shi da alhakin abin da ya faru. Batun tserewa yana buƙatar lura a wuraren da direba kan gudu saboda tsoron fushin jama'a: miƙa kai nan da nan ga birget ko ofishin 'yan sanda mafi kusa shi ne zai iya nuna wa alƙali cewa ransa ya guje wa, ba shari'a ba.

Akwai wani wuri da al'ada da doka ba sa tafiya tare. Idan aka yi haɗari aka rasa rai, yawanci dangin direba sukan je ta'aziyya tare da manya, wani lokaci a gaban mai unguwa ko a fadar lamido, a nemi gafara, dangin mamaci su ce ƙaddara ce sun yafe, ko a daidaita a kan diyya. Wannan sulhu yana da daraja, yana iya rufe maganar diyya tsakanin gidajen biyu, alƙali ma na iya la'akari da shi wajen sassauta hukunci. Amma ƙarar laifi ta gwamnati ce, kuma idan mai gabatar da ƙara ne ya shigar da ita, yafewar dangi ba ta kashe ta. Direbobi da dama sukan yi watsi da sammaci saboda sun ɗauka an gama, alhali kotu na iya yanke hukunci a bayan idonsu.

Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 10 ne kawai, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na yankin suna Garwa da Marwa da Ngaundare. Tarar da kotu ta yanke idan ba a biya ba tana iya kai mutum gidan yari ta hanyar ɗaurin tilasta biya. Ƙaramin laifin da aka yi shekara guda ba a ɗauki wani matakin shari'a a kansa ba ya faɗi, matsakaici kuma sai bayan shekara 3, sai dai duk wani mataki da aka ɗauka a tsakani yana sa a sake ƙirga daga farko.

Riƙe lasisi, dakatar da shi, da janye shi

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a nan. Na farko shi ne jami'i ya karɓi katin lasisi ya riƙe a wurin kamu, wanda mataki ne na wucin gadi ba hukunci ba, kuma abin da ke kare direba shi ne takarda mai ɗauke da sunan ofishin da ranar da dalilin karɓar, domin in babu ita, a shinge na gaba shi da wanda bai taɓa mallakar lasisi ba ɗaya suke. Na biyu shi ne janyewar da kotu ke yi a matsayin ƙarin hukunci: har zuwa shekara 2 a ƙarƙashin sashe na 228, har zuwa shekara 3 a ƙarƙashin sashe na 289, wanda kuma ya maimaita har zuwa shekara 10. Wanda ba shi da lasisi tun farko, kotu na iya hana shi neman sa na wani lokaci.

Na uku, wanda shi ne hanya ta uku cikin hanyoyin da aka ambata a farko, matakin hukuma ne. Ma'aikatar Sufuri ce ke ba da lasisi, kuma da wannan iko ne ministan, Jean Ernest Masséna Ngallè Bibéhè, wanda aka naɗa a 2018, yakan dakatar da lasisin direba ko ya janye shi, ya dakatar da kamfanin sufuri, wani lokaci har da cibiyar duba lafiyar mota. Irin waɗannan sanarwa sukan biyo bayan manyan haɗurra, kamar wanda aka yi a gangaren Dschang da ke yammacin Kamaru a ranar 27 ga Janairu 2021, inda motar fasinja ta yi karo da mai ɗauke da man fetur aka rasa fiye da mutum 50. Wannan mataki ba ya jiran kotu, ba ya kuma hana ta yin nata aikin, don haka laifi ɗaya na iya jawo dakatarwa daga minista da ɗauri daga alƙali.

Ƙalubalantar matakin hukuma yana da tasa hanya. Sai an fara rubuta wa hukumar da ta yanke shawarar takardar neman ta sake dubawa cikin wata 3, idan ta ƙi ko ta yi shiru har wata 3, sannan a samu kwana 60 na kai ƙara kotun da ke shari'a tsakanin ɗan ƙasa da hukuma, wadda ke babban birnin kowace jiha. Ana iya roƙon kotun ta tsayar da aiwatar da matakin kafin ta yanke hukunci, amma duk wanda ya lissafa waɗannan watanni zai ga cewa gajeriyar dakatarwa takan ƙare kafin a kai ga alƙali.

Ina ake ajiye tarihin direba?

Rajistar da ta fi kowace daɗewa ita ce ta hukunce-hukuncen kotu, wadda ake ajiyewa a ofishin magatakardan kotun yankin da aka haifi mutum, tare da babban kundi a Ma'aikatar Shari'a. Daga cikinta ake ciro takarda mai lamba 3 da ake nema wajen ɗaukar aiki ko shiga jarrabawar gwamnati, kuma hukuncin kotu a kan laifin hanya yana iya fitowa a jikinta. Rajistar ce ke tabbatar da maimaita laifi: bisa sashe na 88 na kundin hukunta laifuka, wanda ya sake aikata matsakaicin laifi kafin shekara 5 da gama hukuncin farko, ko ƙaramin laifi kafin wata 12, ana ninka ƙololuwar hukuncinsa. Gefe guda kuma Ma'aikatar Sufuri tana da nata kundin lasisi da na katin mallakar mota a kwamfuta, wanda shi ne ya sa lasisin jabu ya fi saurin tonuwa a yanzu. Direban da aka dakatar, ya je ya ce lasisinsa ya ɓace domin a ba shi wani, ya ƙara wa kansa laifin ƙaryar bayani ga hukuma.

Giɓin yana tsakanin waɗannan rajistoci da abin da ke faruwa a bakin hanya. Maimaita laifi a doka yana buƙatar hukunci na baya, kuɗin da aka damƙa a hannu kuwa ba ya barin sawu ko kaɗan. Sakamakon haka direban da aka tsayar sau goma saboda gudu, ranar da ya kashe mutane zai tsaya gaban alƙali a matsayin mai laifin farko, shi kuma wanda ya shekara ashirin yana tuƙi cikin natsuwa ba shi da wata takarda da za ta bambanta shi a wurin mai ɗaukar aiki.

Wannan giɓi ne ke sa maganar lasisi mai maki take tasowa a Kamaru lokaci bayan lokaci. Faransa ta fara tsarin a 1992, inda direba yake da maki 12, sabon direba kuma ya fara da 6, ana zaftarewa gwargwadon laifi har lasisin ya mutu idan sun ƙare. Maroko ta bi sahu a 2010 da maki 30. Masu goyon baya suna cewa shi ne hukuncin da mai kuɗi da talaka suke ji daidai, tunda maki ba a saye. Masu ɗari-ɗari suna cewa tsarin ba ya aiki sai kowane kamu ya shiga kundi guda a take, kuma idan aka kawo shi alhali rubutawa ko rashin rubutawa yana hannun jami'in da ke bakin hanya, abin da zai ƙaru shi ne farashin rufe ido, domin a lokacin abincin direba gaba ɗaya ne ke kan sikeli, ba tarar rana ɗaya ba. Hujja ta biyun tana da nauyi, ko da yake suka ce ga yadda ake aiwatarwa ba ga tsarin kansa ba.

Abin da ya sa babura suka fi shan kamu

A Garwa da Marwa da Kuseri da Ngaundare babur ne motar haya ta yau da kullum. Dokar firaminista ta ranar 31 ga Disamba 2008 ta shardanta wa mai acaɓa ya kai shekara 18, ya mallaki lasisi rukunin A da katin mallaka da inshora, ya yi rajista a ƙaramar hukuma, shi da fasinjansa kuma su sa hular kwano. Matsalar ita ce takardun a sarƙe suke. Lasisi yana buƙatar katin ɗan ƙasa, katin ɗan ƙasa yana buƙatar takardar haihuwa, wadda yara da yawa a jihar Arewa Mai Nisa suka tashi ba su da ita. Katin mallaka yana buƙatar takardar kwastan, alhali babura da dama sun shigo ne ta ɓarauniyar hanya daga ɓangaren Mubi da sauran garuruwan iyaka, kuma in babu katin mallaka babu inshora, sannan tun 2017 kamfanonin inshora ne ke karɓar harajin shekara na abin hawa tare da kuɗinsu. Rasa takarda ɗaya kan haifar da laifi uku ko huɗu a kamu guda. Babur ɗin da aka kai wurin tsarewa yana tara kuɗin ajiya yayin da mai shi ke neman takardun da ba a samun su cikin mako guda, shi ya sa wasu ke haƙura da shi. A yankunan iyaka kuma akwai umarnin taƙaita zirga-zirgar babura da hukumomi suka riƙa bayarwa tun 2014 saboda hare-haren Boko Haram, kuma karya shi lamari ne na daban da dokar hanya.

Ƙetare iyaka

Direban da ya haye gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Injamena yana ƙarƙashin ƙa'idojin tuƙi iri ɗaya da na gida, amma tarar da kotun na Cadi ne, kuma inshorarsa tana bin sa ne ta hanyar katin CEMAC mai ruwan hoda. Ta ɓangaren Najeriya lamarin ya bambanta: Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka katin inshorar ƙungiyar mai ruwan ƙasa ba ya aiki a nan, kuma motar da ta shigo daga Yola ko Gamboru tana buƙatar inshorar da ke aiki a Kamaru da takardar izinin kwastan.

Inda ɓangarori suka tsaya

Hukumomi suna kafa hujja da cewa gudu da maye da ɗaukar kaya fiye da kima su ne ke kashe mutane, kuma jiran shari'a kafin a sauke direba mai haɗari daga sitiyari sakaci ne da rayukan fasinjoji. Ƙungiyoyin direbobi, musamman na manyan motocin da ke bin hanyar Duwala zuwa Injamena, ba sa musun dokar, abin da suke kuka da shi shi ne yawan shingaye da kuɗin da ba su da rasit, da kuma lalacewar hanyoyi irin ta Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri da gangaren Mbe da ke tsakanin Ngaundare da Garwa, inda suke cewa ana ɗora wa direba laifin da hanya ma ke da rabo a ciki. Masana shari'a kuma sukan tuna cewa sashe na 8 na kundin tsarin shari'a ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, suna tambaya ko dakatar da kamfani gaba ɗaya, wanda ke zaunar da direbobi da 'yan kamasho da masu sayar da tikiti da ba su da hannu, ya yi daidai da girman laifin. Amsar hukuma ita ce wannan kariya ce ba hukunci ba, kuma kamfani ne ke zaɓar direba da tsara masa lokacin hutu.

Wa ke biya a ƙarshe

A doka laifin tuƙi na wanda ke riƙe da sitiyari ne, amma katin mallaka da inshora da takardar duba lafiyar mota nauyin mai mota ne. A aikace, inda babu rubutacciyar yarjejeniyar aiki, daga kuɗin da direba ya samo a ranar ake cirewa, kuma idan aka dakatar da lasisi mai mota yakan ɗauki wani direban washegari, shi kuwa wanda aka dakatar ya zauna ba albashi. Haka yake a sikeli, inda iyakar nauyi take tan 13 a kan gatari guda, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama, 21 a kan biyu, 27 a kan uku, da 50 ga mota gaba ɗaya: mai kaya ne ya yi lodi, amma direba ne ke kwana a wurin har a sauke rarar. Fasinja da mai sayen albasa a kasuwa su ma suna biyan nasu kaso, domin duk abin da aka kashe a hanya yana komawa cikin kuɗin mota.

Wanda aka buge ko magadansa kuwa, hakkinsu ya rataya ne a kan takardar bayanin haɗari da jandarma ko 'yan sanda suka rubuta, domin da ita kamfanin inshora yake aiki, kuma sulhun gaggawa da ya hana a rubuta ta yakan toshe wannan ƙofa. Idan motar tana da inshora amma direban ba shi da lasisi mai aiki, ko an dakatar da nasa, kundin CIMA bai yarda kamfani ya fake da hakan ya hana wanda aka cutar diyyarsa ba. Kamfanin zai biya, sannan yana da damar bin wanda ke da alhakin haɗarin ya karɓi kuɗinsa. Idan kuwa babu inshorar sam, direba da mai mota ne kotu za ta ɗora wa diyyar gaba ɗaya daga dukiyarsu.